Idan Za Ka Tafi, Ka Yi Sallama

Ƙannena maza da mata, musamman ku da neman abinci ya kawo ku Abuja, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau nake so mu yi ta a fili. Maganar matashin da aiki ya ci ƙarfinsa ce, har ya kwanta, likita ya ba shi hutu, a cikin hutun nan kuma ya rantse ba zai sake taka ƙafarsa a ofishin ba. Sai ya kashe waya, ya fice daga zauren WhatsApp na ma'aikata. Wani ma ya tattara 'yan komatsansa ya nufi tashar Jabi ko Zuba, ya hau motar Kano ko Funtuwa, bai ce wa kowa uffan ba. Mu manya da mun ji sai mu ce yaran yanzu ba su da juriya. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Amma akwai ɓarnar da ku ma kuke yi wa kanku a irin wannan tafiya, ita nake so ku daina.

Bari in fara da ba ku gaskiyarku. Wanda ke kwana a Masaka ko Mararaba yana aiki a Wuse ko Maitama, tun kafin kiran sallar asuba yake tsaye a bakin titi. Ya yi kokawar shiga mota, ya duba fuskokin waɗanda ke ciki don tsoron 'yan wan-cans masu fashi a motar haya, ya sha cunkoson Nyanya da gangaren Kugbo har AYA, ya isa ofis a gajiye tun bai taɓa komai ba. Na Kubwa da Dei-Dei da Suleja, da na Lugbe da Gwagwalada, kowa da irin nasa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya shiga cinye albashi. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, amma kafin shekarar ta ƙare hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Mai gida kuma kuɗin shekara yake so a dunƙule. A kan wannan sai ka ɗora ogan da ke aiko saƙo ƙarfe sha ɗayan dare yana son amsa kafin safiya, ko bankin da ya ɗora wa yarinya adadin ajiyar da za ta kawo ko ta halin ƙaƙa, ko makarantar kuɗi da malami ɗaya ke riƙe da aikin mutum uku. A gida kuwa ana cewa ai wane yana Abuja, kamar a titi ake tsintar kuɗin. Waya ba ta daina ƙara: kuɗin makarantar ƙane, maganin Inna, gudummawar biki.

Jiki yana da iyaka. Barci ne yake fara ƙaurace wa mutum. Daga nan sai ƙirji ya riƙa bugawa duk lokacin da sunan oga ya fito a waya. Yammacin Lahadi ya zama kamar zaman makoki. Wata ta shige banɗakin ofis ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito tana murmushi. Wani ya zauna gaban kwamfuta yana karanta layi ɗaya ya kasa gane shi, alhali shi ne aka sani da kaifin kai. Sai ciwon kai, sai gyambon ciki, sai a auna jinin ɗan shekara ashirin da wani abu a ga ya hau. Idan ya buɗe baki a gida, wani ya ce raki ne, wani ya ce sammu ne, wani ya ce ƙarancin tawakkali ne. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne ciwo, domin sau da yawa mai fama da abin ya fi mai faɗar yawan tashin dare.

Ciwo ne, ƙannena, kuma duniya ta san da shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙonewar ƙarfi saboda matsin aiki cikin kundinta, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. A 2022 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. A nan gida, a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma hana a nuna wa mutum wariya a wurin aiki saboda irin wannan lalura. Saboda haka wanda ya je asibiti da wannan ƙorafi bai yi abin kunya ba. A yi addu'a, a yi azkar, a kuma ga likita. Babu wanda ya kori wani a cikinsu.

Sannan kuna da 'yancin barin aiki. Tsarin Mulkin 1999 ya haramta aikin tilas, kuma kotunanmu sun daɗe da tsayar da magana a kan murabus. A wata shari'a da ta shafi hukumar jarrabawa ta WAEC, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a 2006 cewa takardar ajiye aiki tana fara aiki ne daga ranar da ta isa hannun mai aiki ko wakilinsa, ba sai ya ce ya amince ba. Duk ogan da ya ce maka "ban karɓi murabus ɗinka ba, ka dawo aiki," barazana ce kawai. Ba shi da ikon riƙe ka. Idan aiki zai kai ka kabari ko ya taɓa maka hankali, ni ne na farkon da zai ce ka bar shi. Lafiya uwar jiki.

Inda muke rabuwa da ku shi ne yadda ake tafiyar.

Ku san abin da ke faruwa a ofis bayan mutum ya ɓace. Takardar likita ta ƙare ranar Juma'a, Litinin ba a gan shi ba. A kira, waya a kashe. Kwana biyu sai sashen kula da ma'aikata ya buga takardar tuhuma, a aika ta imel ɗin da ya daina buɗewa. Wa'adin amsa ya wuce. Sai a ciro fayil, a duba wanda ya tsaya masa lokacin ɗaukar aiki, a kira shi. Galibi kawu ne ko abokin uba, dattijon da ya sa hannu ya manna hotonsa saboda zumunci, ko kuma wanda ya cire kunya ya je ya roƙa masa aikin. Shi za a fara tambaya ina yaronka, shi kuma bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga ƙarshe a zauna a rubuta a fayil cewa wane ya gudu daga bakin aiki, an kore shi. Babu inda za a rubuta cewa ba shi da lafiya, domin bai bar wata takarda da ta faɗi haka ba. Wanda aka zalunta ya koma mai laifi a rubuce, ogan da ya jefa shi cikin halin kuwa ya fita fes.

Wannan rubutun yana bin mutum. Ranar da lafiya ta dawo, ya nemi aiki a banki ko wata ƙungiyar agaji ko ofishin jakadanci, za a rubuta wa tsohon wurin aikinsa a tambayi yadda aka rabu. Abuja kuma ga ta da faɗi a ido, amma a harkar aiki ƙarama ce. Masu ɗaukar ma'aikata sun san juna, a taro ɗaya suke haɗuwa, a masallaci ko coci ɗaya suke ibada. Ga maganar fansho. Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa idan ya yi wata huɗu da barin aiki bai sami wani ba. Kuɗin nan su ne za su iya riƙe mara lafiya ya biya haya ya sayi magani. Amma kamfanin fansho zai nemi takardar da ke nuna an rabu da wurin aiki, wato ta sallama ko ta karɓar murabus. Wanda ya tafi ba sallama dole ya koma ofishin da ya guje wa, yana sunkuyar da kai, yana roƙon takarda.

Na gwamnati nasa ya fi tsanani. Dokokin Aikin Gwamnati, waɗanda aka sabunta a 2021, sun lissafa rashin zuwa aiki ba izini cikin manyan laifuffuka, hukuncinsa yana kaiwa ga kora, kuma wanda aka kora ba ya komawa aikin gwamnati cikin sauƙi. Idan albashi ya ci gaba da shigowa bayan ya daina zuwa, bashi ne yake taruwa, wata rana za a nema. Alhali a cikin dokokin nan akwai hutun jinya, akwai kwamitin likitoci da ke duba wanda ciwonsa ya yi tsawo, akwai neman sauyin sashe. Mai yi wa ƙasa hidima ma da ya sulale daga inda aka tura shi, ya san ƙarshenta ƙarin wa'adi ne ko maimaita shekara.

To mece ce dokar notis ɗin da ake tsoro haka? Ba ta kai yadda kuke zato ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda bai wuce wata uku a aiki ba, notis ɗin kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Notis ɗin da ya kai mako dole ya zama a rubuce. Sai dai ku lura, wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Sashe na 91 ya cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru. Injiniya ko lauya ko manaja, takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin kamfani su ne dokarsa, kuma a nan ne ake samun wata ɗaya, wani wurin har wata uku. Don haka abu na farko, ka nemo takardar nan da ka sa wa hannu cikin murna ba ka karanta ba, ka karanta ta yau, ko ka ba wani ya karanta maka idan kai ba ya ɗauka.

Abin da da yawanku ba su sani ba shi ne, ba da notis daban, zama a kan kujerar ofis daban. Notis lokaci ne da yarjejeniya ke ci gaba kafin ta ƙare. Idan likita ya ce ba ka iya aiki, ya rubuta, kuma takardarsa ta rufe kwanakin, ai kana cikin hutun jinya ne, ba guduwa ka yi ba. Kana kwance a ɗakinka a Karu kwanakin suna tafiya. Sashe na 16 na dokar ya ba ma'aikaci albashin jinya har kwana 12 na aiki a shekara idan likita mai rajista ya tabbatar, da sharaɗin ya yarda likitan da mai aiki ya zaɓa ya duba shi idan an nemi haka. Abin da ya haura kwana 12, sai abin da yarjejeniyarka ta tanada, kuma wurare da dama sun fi doka sassauci. Idan wannan bai yiwu ba, sashe na 11 ɗin dai ya yarda ɗaya ɓangaren ya yafe notis, ko ya karɓi kuɗi a madadinsa. Ka roƙa a yafe maka, a rubuce. Sau da yawa sukan yafe, domin ba wanda ke son riƙe ma'aikacin da ba ya iya aiki. In sun ƙi, ka ce a cire daga albashinka na ƙarshe ko daga kwanakin hutun shekara da kake bi.

Ko an kai ga kotu, abin da mai aiki zai iya nema a kanka saboda rashin notis galibi bai wuce albashin kwanakin notis ɗin ba, sai dai in akwai bashi ko yarjejeniyar horo da ka sa wa hannu. Kuma magana ce ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba hurumin duk wata rigimar aiki, mazauninta kuma yana nan Garki, har da sashen sulhu a cikinta. Ba maganar 'yan sanda ba ce. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana a kama wani a madadin wani.

Amma a nan ne nake so ku buɗe kunne da kyau, domin ta nan ake kama yaranmu. Kwamfutar ofis da ke cikin jakarka, katin shaida, makullin sito, wayar kamfani, na'urar POS, ragowar kuɗin wata tafiya da ba ka kawo rasit ba. Muddin ɗaya daga cikinsu yana hannunka ka ɓace, ka miƙa wa wanda ke jin haushinka sanda. Zai bar maganar notis, ya tafi caji ofis ya ce an gudu da kayan kamfani. Na san wata yarinya a unguwarmu, mai hankali, da ta kai ba ta iya jin ƙarar waya sai jikinta ya ɗauki rawa. Ta koma gidan yayarta ta rufe ɗaki. Kwamfutar ofis tana ƙarƙashin gado, ko tunawa da ita ba ta yi ba. Ranar da aka zo da ɗan sanda ƙofar gidan, mijin yayar ne ya fita da jallabiya yana ba da haƙuri, maƙwabta suna leƙe. An kashe maganar a ranar, amma abin da firgicin nan ya ƙara mata ya fi wanda aikin ya jawo. Da tun farko an sa kwamfutar a leda an ba wani ya kai, da ba a yi haka ba.

Ga yadda nake so ku yi, kuma ba ya bukatar ka ga fuskar ogan ko sau ɗaya. Ka fara da asibiti na gaske. Akwai Babban Asibitin Ƙasa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Karu. Wanda ya riga ya koma gida, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka za a sha layi. Likitan babban asibiti ma yana iya dubawa ya rubuta hutu ya tura ka gaba. Ka faɗa masa gaskiyar abin da ke damunka, kada ka ɓoye a bayan zazzaɓin cizon sauro. Kana iya roƙonsa ya taƙaita a takardar da za ta je ofis cewa ba ka iya aiki daga rana kaza zuwa rana kaza, ba sai ya tona sirrinka ba. Kuma don Allah kada ku sayi takardar bogi. Ana bincikawa, in aka gano kuma kora ce mai dalili, ka ɓata wa masu ciwon gaske hanya.

Sai takardar murabus. Layi biyar sun isa. Ka ce kana ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya, ga takardar likita a haɗe, ranar ƙarshe kaza ce, kana roƙon a yafe ragowar notis ko a lissafa shi cikin hutun jinya, kuma wane zai kawo kayan ofis. Kada ka zagi kowa a ciki, komai zafin da kake ji. Ka aika ta imel ɗinka na kanka, domin na ofis za a rufe shi. Sannan a buga kwafi biyu, ɗan'uwa ko aboki ya kai, ya tsaya har a buga hatimi a sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya, ya dawo maka da shi. Haka kayan ofis: a lissafa su a takarda, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa ya sa hannu. Ka ɗauki hoton takardun nan da waya ka adana. Idan akwai ƙarfi, ka rubuta rabin shafi na inda ka tsaya a kowane aiki, da inda fayiloli suke. Bayan haka kana da damar rubuta musu cewa likita ya ce ka huta, duk mai magana ya yi ta imel ko ya kira wane. Sai ka kashe wayarka da hujja.

Akwai wani haƙƙi da kusan ba wanda ke nema. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun diyya, kuma sashe na 8 ya ambaci matsin ƙwaƙwalwa ƙarara. Idan likitan da aka amince da shi ya tabbatar cewa yanayin aiki ne ya haifar da shi, ko mai aiki ya sauya aikin ta yadda ya fi ƙarfin ma'aikaci ba bisa adalci ba, ana iya neman diyya. Amma dokar ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a shigar da bukata cikin shekara ɗaya. Wanda ya ɓace shiru ya zubar da wannan tun kafin ya san yana da shi. Haka wanda aka matsa wa da gangan don ya gaji ya tafi da kansa. Kotun Ma'aikata tana ɗaukar irin wannan a matsayin kora a fakaice, tana kuma ba da diyya, amma sai da hujja: saƙonni, takardun asibiti, koken da ka taɓa rubutawa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi ƙungiyar ƙwadagonsa, ko Ma'aikatar Ƙwadago a Sakatariyar Tarayya, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Wata shawarar kuma, wadda na fi so ku riƙe ko da kun manta sassan doka: kada ku yanke hukuncin barin aiki a makon da ciwo ya fi tsanani. Mutumin da ya yi kwanaki bai yi barci ba, komai baƙi yake gani. Hutun da likita ya bayar na hutawa ne. Ka yi barci, ka ci abinci, ka sha magani idan an rubuta, ka bar maganar murabus sai hankali ya fara dawowa jikinsa. Wani bayan mako biyu zai gane ba aikin ne matsalar ba, mutum ɗaya ne, kuma sauyin sashe ko reshe zai wadatar. Wata za ta gane hanya ce ke kashe ta, da za ta sami ɗaki kusa ko a yarda ta yi wasu ranaku daga gida da ta iya. Wani kuma zai tashi da tabbacin cewa tafiyar ce alheri, sai ya tafi da natsuwa. Ka kuma yi lissafi da biro: yaushe haya za ta ƙare, wata nawa abin hannunka zai kai ka, kuma ka tuna inshorar lafiyar da kamfani ke biya tana tsayawa ne daidai lokacin da ka fi bukatar magani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi istihara, ka shawarci mutum ɗaya ko biyu masu hankali da rufin asiri, ba dandalin sada zumunta ba. Abin da ka rubuta a Facebook cikin fushi game da wurin aikinka, lauyansu zai buga shi a takarda ya ajiye.

Ban ce kowa ya tsaya ya jira ba. Akwai halin da ake fita a ranar, ba waiwaye. Yarinyar da oga ke nemanta da lalata yana yi mata barazana da aikinta, wanda aka ɗaga wa hannu, wanda ake tilasta wa sa hannu a kan almundahana, wanda aka riƙe wa albashi wata da watanni. Sashe na 11 ɗin nan na Dokar Ƙwadago bai hana mutum yanke yarjejeniya nan take ba idan halin ɗaya ɓangaren ya kai ga haka, kuma Najeriya ta rattaba hannu a 2022 kan yarjejeniyar duniya mai lamba 190 da ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Fiye da duka, wanda zuciyarsa ta fara raya masa cewa mutuwa ta fi masa sauƙi, ya manta da notis, ya manta da fayil, ya faɗa wa wani na kusa yanzu-yanzu a kai shi asibiti. Rai ya fi kowace takarda. Amma ko a irin wannan hali, saƙo ɗaya da wani zai rubuta a madadinka, cewa wane ba shi da lafiya yana hannun likita, takarda na tafe, ya isa ya canja abin da za a rubuta a fayil.

Akwai kuma fuskar amana, ba zan ɓoye muku ita ba don ina tausayinku. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe, kuma takardar da ka sa wa hannu alkawari ce. A ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da dattijon Madyana, an yanka wa'adin aiki a fili, shekara takwas ko goma, mai ɗaukar aikin ya yi alkawarin ba zai tsananta ba, ma'aikacin kuma ya cika wa'adinsa kafin ya tafi. Kowane ɓangare da nasa nauyin. Addinin da ya ce a cika alkawari shi ne kuma ya tabbatar da nasihar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i cewa jiki da iyali suna da haƙƙi a kan mutum. Ba a ce ka kashe kanka don kamfani ba. An dai ce kada ka bar mutane cikin duhu. Ka tuna ba oga ne zai ɗauki kayan da ka yar ba. Abokiyar aikinka ce, wadda ita ma daga Nyanya take fitowa da asuba, za a ɗora wa naka a kan nata. Idan kai malami ne, yara ne za su zauna aji ba kowa ana gab da jarrabawa. Idan ke ma'aikaciyar jinya ce, wata ce za ta kwana biyu a jere a kan majinyata. Sanarwar kwana kaɗan tana ba su damar shiri. Sannan akwai ƙanenka da zai zo neman aiki gobe, wanda kawun nan zai ce masa ya daina tsaya wa kowa.

Kalma ta ƙarshe ga ku da lafiyarku ƙalau. Wasunku sun fara zama shugabannin sashe, ana kawo muku irin waɗannan takardu. Idan yaro ya kawo takardar likita, kada ku ce ƙarya yake yi don ba ku ga rauni a jikinsa ba. Ku karɓa, ku daina kiransa da dare, ku yafe masa notis idan ya roƙa, ku rubuta masa takardar sallama mai kyau. Sauran ku kuma, kusan kowa ya san wani abokin ɗaki ko 'yar'uwa da ta kwana biyu ba ta fita aiki, waya a kashe, labule a sake. Kada ku tsaya yi mata wa'azin haƙuri daga bakin ƙofa. Mai wannan ciwo ko layi biyar ɗin nan yakan gagare shi rubutawa. Ku raka ta asibiti, ku zauna kusa da ita ku rubuta takardar tare, ku ɗauki kwamfutar da katin shaidar ku kai ofishin da ƙafarku, kuma kada ku baro wurin sai an buga muku hatimi a kan kwafinku.